Kananzir ɗin Kwalba ta Uku

Daga bahon wanki ƙarar ta fito. Wani abu ya yi “fuuu”, ya zagaya kan ruwa da wuta shunayya a bayansa, sannan ya yi “tas!”

Matar Baba Kwalba ta shafa girarta, ta ji babu rabi.

Shekara talatin mijinta ya yi yana wanke kwalabe a ɗakin gwajin wata makaranta. Da ya yi ritaya ya taho da guda uku, kowacce da gutsuren ƙarfe kwance cikin kananzir. Yau ashana ta ƙi kama gawayi, sai ta tsiyaye kananzir ɗin ta ukun, ta jefa gutsuren cikin baho.

Baba Kwalba ya fito da takalmi ɗaya a ƙafa. “Wacce kika taɓa?”

“Ta ƙarshen.”

“Fotasiyam,” ya ce, kamar mai kiran sunan jika. “Da ƙarfen kwalbar farko ne, litiyam, tsaki kawai za ta yi. Sodiyam ta kwalba ta biyu kuwa ta yi rawa.”

“Malam, dubi fuskata.”

“Na gani. Ai ƙwayar zarrar kowannensu gida ce. Uba na tsakiya, ’ya’ya na kewaye da shi, auta shi kaɗai a bakin ƙofa. A gidan litiyam, uba ya yi gyaran murya auta ya ji. A na fotasiyam ɗaki bayan ɗaki ne, muryar ba ta kai. Ruwa na yafito shi, sai ya fice. Duk yadda kika gangara jerin kwalaben nan, gida na ƙara girma.”

“Mu ɗaki ɗaya gare mu, shi ma za ka raba mu da shi.”

Gaskiya ta faɗa. Tun ranar da ya ƙona labule mai gidan haya ya rantse: in aka sake, su kwashe kayansu. Ga shi kuwa ya shigo, tela maƙwabcinsu na biye da shi.

“Ƙarar mece ce wannan?”

Baba Kwalba ya buɗe baki, fuskarsa har ta fara haske. Matar ta take masa ƙafar da ba takalmi.

“Gawayi ne, ranka ya daɗe. Jiƙaƙƙe aka sayar min.”

Mai gidan ya dubi murhu, ko hayaƙi babu. Ya dubi girar, ya daɗe yana dubanta. Sannan ya ce ta canja mai gawayi, ya juya.

Tela ya leƙa bahon, ya rage murya.

“Baba, duk na ji ta katanga. Wannan autan da ya fice, yana komawa gida kuwa?”

Matar ta ɗauki mafici ta koma gaban murhu.