Yatsu Biyu a Gindin Fure

Mahmudu mai hoto ya ɗauki sarakai, ya ɗauki angwaye, har raƙumi an taɓa tsayar masa, amma fure? Sai da Baturen kwastan na Jibiya ya aika masa har Katsina. Wai zai koma ƙasarsu, yana son hotunan furannin lambunsa, kusa-kusa, har jijiyar ganye ta fito. Oh, Bature da abin ban haushi! Ga Maraɗi can, ga motoci da tumaki suna ƙetare iyaka, shi fure ya gani.

Da Mahmudu bai zo ba, don dai wansa, Arzika, shi ne mai kula da lambun. Shi kuwa Arzika shekara goma ƙanensa na roƙonsa ya tsaya a ɗauke shi, yana cewa, "Ni da Allah ya yi ni sau ɗaya, mi zan yi da na biyu?"

Da hantsi suka kafa akwatin hoton bisa ƙafafunsa uku, gaban wani jan fure mai faɗin tafin hannu. Rijiya na dama da Mahmudu, danga na hagu. Iska ta hana furen tsayawa, sai Arzika ya durƙusa, ya riƙe karan da yatsu biyu, ɗaya hannun ya dafa damshin ƙasa ƙarƙashin ganye. Aka ɗauki na farko lafiya.

"Saura ɗaya, Yaya. Daure."

Mahmudu ya sake shiga cikin baƙin mayafi, yana murza idon akwatin. Furen ya dushe, ƙasar da ke bayansa ta fito tar. Nan ya gan ta. Kububuwa, a naɗe, launinta sak na busasshen ganye, tsakaninta da hannun Arzika bai fi taƙi ɗaya ba.

Inna lillahi!   Wallahi bai taɓa jin tsoro irin wannan ba.

"Yaya, kar ka motsa."

Arzika ya yi dariya. "Kullum abin da kake cewa ke nan. Yi sauri, gwiwata ta gaji."

"Maciji ne. Kusa da hannunka."

Dariyar ta mutu. Arzika bai iya ganin ƙarƙashin ganyen ba. Ya ce a hankali, "Wane ɓangare, Mahmudu? Ina zan janye?"

To, duk mai wannan sana'a ya san gilashin akwati maƙaryaci ne: sama tana komawa ƙasa, dama tana komawa hagu. Mahmudu ya san haka kamar sunansa. Amma tsoro ba ya barin mutum da iliminsa. Ya ga macijiyar ta hagunsa, ya kuma ji tsoron ɗaga mayafin kada ta zabura.

"Ja hannunka wajen rijiya. Sannu."

Arzika ya yarda da ƙanensa. Ya ja hannun wajen rijiya.

Kububuwar ta sare shi, ƙara ɗaya ya yi. Aka ɗaure damtsen da rawani, aka tare wata motar gyaɗa mai zuwa Katsina. Mahmudu ya rungume kan wansa a bayan mota, yana ganin jini na tsattsafowa daga dasashinsa, yana ta faɗin, "Ni ne, Yaya, ni na juya maka." Arzika ya ce masa ya yi shiru, kwana ne ya ƙare. Ya cika washegari da azahar.

Bayan sadakar bakwai, Barira matar Arzika ta kira shi zaure, murya ƙasa-ƙasa.

"Mahmudu, yara za su girma ba su san kamarsa ba. Ashe ko sau ɗaya ba ka taɓa ɗaukarsa a ɓoye ba?"

Ya buɗe jakarsa ya miƙa mata hoton farko, wanda ya hana Baturen. Furen ya fito ras, har ƙurar da ke tsakiyarsa ana iya ƙirgawa. Can ƙasa, a gefe, ga yatsu biyu riƙe da kara, dishi-dishi.

Barira ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Nasa ne. Ga inda lauje ya taɓa yankarsa."