Ƙofar Bayin Alhaji Kamaruddeen

Jaji ya sauke kwanon sarki daga kansa, kwaɓin siminti na ɗiga ta wuyan rigarsa, sai ya ji Oga Nababa ya kira shi. Ba "kai lebura" ya ce ba yau, sunansa ya kira.

"Ungo."

Cokalin gini ne ya miƙo masa. Shekara uku cur Jaji yana jiran wannan ungo. Da shekara talatin da shida a duniya da 'ya'ya huɗu ya shiga leburanci, bayan an sayar da gonar gadonsu, don magada su tara ne kuma rabon kowa bai kai a juya garma ba. Ya ɗauki bulo, ya tura baro, ya kwaɓa siminti har tafinsa ya tsage. A wurin Oga Nababa lebura ba ya taɓa cokali sai an ba shi, wanda kuma aka karɓe wa, to shi da gini sai kallo.

Wani ikon Allah, aikin da suka samu wannan makon a kan gonar ce. Alhaji Kamaruddeen, mai sayar da hatsi a Dawanau, shi ya saye ta zai yi gida.

"Da bayi za ka fara, kowa da bayi ya fara," in ji Oga Nababa. Ya kai shi kan ramin da aka riga aka rufe da kankare, ya ja layin bango da gawayi, ya bar giɓi a gefe guda. "Nan ce ƙofa. Layi biyar nake so kafin in dawo daga sayen rodi."

Jaji ya dubi giɓin, ya ɗaga kai ya dubi gona. Mai tsugunno ƙofa yake kallo, wannan ko yaro ya sani.

"Oga, a yi haƙuri. Ƙofar nan gabas take kallo. Duk wanda ya shiga, alƙibla zai fuskanta."

"Arewa ce. Ga titin Ɗambatta nan, arewa ya miƙa, da shi na auna."

"Ya miƙa, Oga, amma tun daga bakin rijiya ya yi kwana. Baƙo ba ya lura. Gonar babanmu ce, a nan na koyi salla."

Oga Nababa ya duba sama. Hadari ya rufe rana ruf, babu mai raba gardama. Sha'aban, abokin leburancin Jaji, ya fara laluben aljihu yana cewa a wayarsa akwai abin duba alƙibla. Harara ɗaya aka yi masa ya mayar da hannunsa kan shebur.

"Shekara ashirin da biyu ina gini a birni," in ji Oga Nababa, muryarsa ta tashi. "Rabin gidajen layinmu a Rijiyar Zaki ni na ɗora su. Kai ko bulo ɗaya ba ka ɗora ba, har ka fara koya min gabas? Bi gawayin nan, ko ka ajiye min cokalina."

Ya buga babur ya tafi.

Sha'aban ya matso. "Jaji, kada ka zubar da wahalar shekara uku saboda ƙofar bayi. Laifin ai na mai gawayi ne. Bin na gaba bin Allah."

"Ban da na gaban da ya ɓata hanya."

"To 'ya'yanka fa? Gabas za su ci?"

Maganar ta soke shi, don gaskiya ce. Ya tsaya riƙe da cokalin, yana jin tsoro ƙwarai, kuma yana jin haushin tsoron. Amma a ce ginin farko da hannunsa zai ɗora a duniya, a ƙasar da tsohonsa ya yi ta sa goshi, ya zama wurin da za a riƙa tsugunna wa alƙibla safe da yamma? Haba! Ko da cokalin zinariya ne.

Ya sa ƙafa ya goge gawayin, ya mayar da giɓin ta ɓangaren arewa na gaskiya.

"Kwaɓo min, Sha'aban."

"Innalillahi. Kai dai ba ka da dama."

Sha'aban ya kwaɓo ɗin. Jaji ya ja igiya, ya shimfiɗa kwaɓi, ya ce bismillah ya ɗora bulon farko. Hannun da ya saba da ɗauka ya ga ashe ɗorawa daban ce. Bulo ya karkace, ya ɗaga ya sake. Kwaɓi ya zube, ya kwashe. Duk abin da ya sata da ido a shekara uku, yau ya zazzage shi. Gumi ya jiƙe shi sharkaf kafin layi na biyar ya hau.

Dab da azahar Oga Nababa ya dawo. Bai ko kashe babur ba ya hango ƙofa ta yi ƙaura.

"Wa ya ce ka taɓa min layi?"

"Ni na ce."

"Kawo cokalin."

Jaji ya wanke shi tas a durom ɗin ruwa, ya miƙa da hannu biyu, amma bai sunkuyar da kai ba.

"Ga shi, Oga. Kwanon sarki dai ban manta shi ba, zan nemi mai so. Amma ƙofar can ba da hannuna ba."

"Daga yau ba ni ba kai. Sha'aban, da an yi salla ka rushe shi."

Kiran salla ya taso daga cikin gari. Jaji ya yi alwala, ya kaɗe buhun siminti ya shimfiɗa a ƙasa, ya tayar da kabbara. Sha'aban ya saci kallon Oga, sannan ya bi shi.

Kullum a Ɗambatta Oga Nababa yake azahar inda yake cin abinci, yau rodi ya tsare shi. Ya yi alwalarsa yana ƙunƙuni, ya ɗauki nasa buhun ya koma gefe, don ba zai bi korarren lebura salla ba. Ya juya yadda titi ya nuna masa, ya ɗaga hannu, sai idonsa ya faɗa kan gonaki. A nan gona na manne da gona, kowa na ganin kowa. Wani tsoho ya jingine fartanya yana ruku'u a tsakiyar gyaɗarsa. Can gaba mutum biyu a gindin ɗorawa, can kuma wani a bakin dawa. Babu wanda ya shawarci wani, amma duk wuri ɗaya suke kallo, daidai inda ya ja ƙofarsa da safe.

Hannunsa ya sauka. Ya sa ƙafa ya juya buhun a hankali, kamar mai ture kunama.

Da aka sallame, Jaji ya rataya rigarsa zai kama hanyar gida. Sha'aban ya ɗauko guduma. Oga Nababa ya riga shi isa wurin ginin. Ya zagaya shi sau biyu, ya tsugunna ya rufe ido ɗaya yana duban bangon.

"Kai Jaji!"

Jaji ya tsaya, bai juyo ba.

"Layi na huɗu ya yi ciki. Wa ya koya maka gini haka? Zo ka kwance shi ka sake."

"Da me zan sake, Oga?"

Oga Nababa ya soka cokalin a cikin kwaɓi, ya juya wajen rodinsa.

"Ka ga siminti na bushewa kana tambayata."