Ƙullin Bakin Zanin Mma Azeta

"Sake mini hannu, Kamaldeen," na ce, "ko in cije ka."

Bai sake ba. Uwarsa, Mma Azeta, tana zaune a ƙasa jikin randa, gumi ya jiƙe ta sharkaf, tana kiran mijinta da ya rasu shekara tara. Ni kuwa cokalin sukarin da na ɗebo daga gidana ne a hannuna, rabi ya riga ya zube.

"Anti Adiza, mai ciwon sikiri za ki ba sikiri? So kike ki kashe mana Mma?"

Katanga ɗaya ta raba mu da ita a unguwar Aboabo, kuma shekara shida kwalbar allurarta ta insulin a firjina take kwana. Mace ce mai taurin kan tsiya. An ce ta bar tuyar ƙosai ta huta, ta ce ciwo a bakin kasko ya same ta, a nan zai bar ta. Ita ta koya mini abin da na sani.

"Sikiri baƙo ne a cikin jini, Adiza. Allurar nan ke buɗe masa ƙofa ya shiga nama ya zama ƙarfi. Amma in na yi allura ban ci ba, duka zai shige, jini ya zama fayau. Ran da kika ga ina gumi ina sambatu, sa mini sikiri a baki, kar ki saurari kowa."

Shi ya sa kullum akwai ƙwayar sukari uku ƙulle a bakin zaninta. Na laluba ranar, na tarar ƙullin a kwance.

Kamaldeen ya dawo daga Kumasi ne don ya kula da ita, kuma wallahi yana sonta. Sai dai bai bar ko ƙwaya ɗaya ta sukari a gidan ba. Da safen ranar ta yi allura, aka zo karɓar ƙosan wani suna a unguwar Lamashegu, ta zauna tuya ba ta karya ba.

Maƙwabta suka cika tsakar gida, kowa ya zama likita. Tahidu tela har ya aika a murzo shuwaka, wai ɗaci zai saukar da ciwon. Kafin in fizge hannuna haƙoranta sun datse. Duk da haka na dangwali sukarin da ya zube ƙasa da yatsa na goga mata a dasashi, suna zagina.

A asibiti wata nas ta huda mata yatsa, ta dubi na'ura, ta dube mu.

"Ba wanda ya ba ta sukari?"

Kowa ya sunkuyar da kai. Na ce, "An hana."

Kwana biyu ta yi ba ta farka ba. Ranar Alhamis bayan azahar ta cika.

A zaman makoki ana ta cewa kwana ya ƙare. Na sani, ba na jayayya da Ubangiji. Amma na miƙe a tsakiyar mata na maimaita musu maganarta kaf, har da yadda ake sa sukarin. Wasu suka ce ba ni da kunya. Su faɗa, a layinmu kaɗai mutum huɗu ke wannan allura.

Bayan sadakar uku Kamaldeen ya yi sallama a ƙofata. Na fito da haushina cike da baki, sai na ga yadda ya rame.

"Anti, tun safen ranar suna aljihuna."

Ya buɗe tafin hannunsa. Ƙwayoyin sukarin nan uku ne na bakin zaninta, gefensu ya gutsuttsure. Ya ajiye su a kan dakali, ya zauna, na zauna. Muna kallo tururuwa suka zo a jere, suna ɗauka kaɗan-kaɗan suna shigewa ramin gindin katanga.