Gungun da Dogo Ya Nema a Ƙwaƙwalwar Auta

Tun ranar da Auta ta fara aiki a ɗakin bincikensu, Dogo bai ƙara cin abinci ya ji gishiri ba. Teburinsa na kallon nata, amma in ta ce masa "Ina kwana," sai ya amsa da "Na gode." Yanzu kuma ga wata jami'a mai nisa ta kira ta aiki, Auta kuwa ta ce za ta ba su amsa ƙarshen mako. In ya yi shiru, ta tafi ke nan. In ya yi magana ta ce a'a, ina zai sa fuskarsa?

Aikinsu shi ne su kwantar da mutum cikin injin hoton ƙwaƙwalwa, inji na ta ƙara kamar maƙera, su nuna masa hotunan fuskoki, su ga inda jini ke ƙaruwa. Kwamfuta takan yanka ƙwaƙwalwar ɗigo-ɗigo. Ɗige-ɗigen da suka haskaka tare, kafaɗa da kafaɗa, su ake kira gungu. Daga nan a fitar da jadawali: ga girman gungun, ga inda yake, ga ƙarfinsa. Sai dai akwai ma'aunin da suke kira shinge, wanda Farfesa, shugaban ɗakin, ya kafa da hannunsa. Duk hasken da bai tsallake shi ba, hayaniya ce kawai. Kuma ya sha faɗa musu, wanda ya ga sakamako sannan ya taɓa shinge, ya tattara nasa ya nasa.

Kafin a kawo mutanen waje, 'yan ɗakin sun gwada injin a kansu, da hotunan junansu, har da na mai gadi. Auta ma ta kwanta. Wato abin da ƙwaƙwalwarta ta yi lokacin da fuskar Dogo ta bayyana yana nan cikin kwamfuta, kamar wasiƙar da ba a buɗe ba.

Da kowa ya fita cin abincin rana, Dogo ya buɗe. Yana cikin danna-danne wayarsa ta yi ƙara. Yayarsa ce.

"Ka faɗa mata?"

"Yaya, ina kan bincike."

"Binciken me? Kai dai tun kana yaro in an aike ka sayen sabulu, sai ka tsaya bakin shago, mai shago ya yi ta canka abin da ya kawo ka. Ka buɗe baki, ɗan nan, kafin wani mai baki ya riga ka."

Ya kashe wayar, ya umarci kwamfuta ta ware masa fuskarsa daga sauran. Jadawali ya fito fari fat. Ko ɗigo babu.

Ya dafe ƙirji. Ashe haka ake mutuwa a zaune? Ya dubi ƙofa, ya dubi shingen. So ai ba ya ihu, ya ce a ransa, raɗa yake yi. Farfesa ya kafa shingensa ne don masu ihu. Ya sauke shi kaɗan. Shiru. Ya ƙara saukewa. Shiru. Ya yi ta saukewa har shingen ya koma wanda ko kaza mai ɗingishi za ta tsallake.

Sai ga gungu! Ja wur, kamar garwashi cikin toka. Idon Dogo ya ciko da ƙwalla. Ya kai yatsa ya shafa gilashin kwamfutar, yana jin duk waƙoƙin da ya taɓa karantawa sun taso masa a wuya lokaci guda.

Amma mai hali ba ya fasa halinsa. Ɗan binciken da ke cikinsa ya ce a gwada sauran fuskokin da wannan shingen, don a tabbatar. Ya sa ta Farfesa. Gungu ya fito, ya ninka nasa. Farfesa! Mai sanƙo, mai jikoki, mai tari kafin kowace magana! Ya sa ta mai gadi, shi ma ga nasa ɓulɓul. Har baƙin allon da ake nunawa tsakanin hoto da hoto ya samu rabonsa. Dogo ya zauna yana kishi da allo.

"Ƙwaƙwalwar wa nake gani haka?"

Auta ce a bayansa, riƙe da kofin shayi. Dogo ya miƙe, gwiwarsa ta bugi tebur, ya koma ya zauna.

Ta ajiye kofin, ta jawo kujera. Ta dubi shingen, ta dube shi. Ta juya hoton ƙwaƙwalwar gefe. Gungun nasa ba ya ma cikin ƙwaƙwalwa: ya zagaye bakin ƙoƙon kai kamar zobe. Ta buɗe zanen da ke nuna motsin kai. Duk inda fuskarsa ta fito, layin ya yi tsalle.

"Kaina ne ya motsa, Malam Dogo. Dariya nake yi. Hoton katin shaidarka suka sa, ka zare ido kamar an kama ka da akuyar mutane."

"Na Farfesa fa?" Muryarsa ta fito siririya.

"Atishawa na yi. Au, har da Farfesa ka auna?" Ta rufe baki da hannu, kafaɗunta na rawa. Sai kuma ta ɗaure fuska. "Ka san wannan zai iya cin aikinka. Kuma ka shiga kaina ba sallama. Me ka je nema?"

Babu sauran maɓuya. Dogo ya ƙura wa kofin shayin ido, ya faɗa masa komai a guje: rashin barci, rashin gishiri, da yadda ɗakin zai zama kango in ta tafi. Ya ambaci farin wata, ya ambaci teku, ya rasa yadda zai fito daga tekun.

Auta ta daɗe tana juya cokali.

"Mayar da shingen mutane inda ka same shi," ta ce. "Ka goge wannan shirmen, ka ba ni haƙuri. In an tashi ka raka ni tashar mota, ka maimaita a hankali. Rabin abin da ka faɗa kofi ne ya ji."

"Jami'ar can fa?"

"Ya danganta da maimaicin."

Daga baranda suka jiyo tarin Farfesa yana matsowa. Dogo ya wawuri linzamin kwamfutar, ya yi ta danna inda ba nan ba. Auta ta yi tsaki, ta ture hannunsa, ta ɗaga shingen da kanta.