Kwan Zenon a Zauren Malam Labbo

Tun da aka rufe makarantar 'yan mata da Sadiƙa ke koyar da kimiyya saboda 'yan bindiga, sai ta mai da ɗakin ajiyar gidanta da ke Isa wurin gwaje-gwaje. Mijinta Badaru gyaran wutar motoci yake yi a tasha, shi ke kawo mata matattun fitilu da batura. Abin da ya fi ɗaukar hankalinta shi ne kwan fitilar manyan motoci mai iskar da ake kira zenon, wanda babu zare a cikinsa, wuta ce ke tsalle tsakanin ƙarafa biyu ta ba da haske fari fat. Ta kuma tara fitilun tsofaffin kyamarori ta haɗa su wuri guda. Ran da ta fara kunna su, walƙiyar ta sa kajin gidan watsewa da tsakar rana, Badaru ya yi dariya har da riƙe ciki.

A wannan shekarar mahaifinta Malam Labbo ya baro Gangara bayan an ƙone rumbunan garin. Bai fito da komai ba sai gafakarsa. A cikinta akwai Alƙur'anin da yake rubutawa da hannu, da ka, wanda ya kai Suratu Yasin. Idonsa na hagu ya daɗe da mutuwa, na dama kuma yanar ido ta fara rufe shi. In ya zauna a rana, hasken ya watse masa kamar hayaƙi; in ya shiga zaure, baƙaƙen su ɓace.

Wata safiya Sadiƙa ta kai masa kunu ta tarar ya ɗora alƙalami a kan takarda, ya kasa rubuta komai.

"Baba, ko in kira wani ya ƙarasa maka?"

"Hannun da yaf fara shi za ya ƙare," in ji shi. "Ni dai haske nika biɗa, ɗiyata."

Ta koma ɗakinta da wannan magana. Ta zaɓi kwan da ya fi ƙarfi, ta haɗa shi da batirin sola, ta kafa shi cikin tsohuwar tasar silba don ya tara hasken wuri ɗaya. Gilashin da ke lulluɓe da kwan daga waje ya tsage ya yi duhu, sai ta fasa shi a hankali ta cire. Ta san gilashin yana tare wani haske da ido ba ya gani, mai ƙuna. Ta ce a ranta ai takarda za a haska, ba fuska ba.

Da ta kunna a zaure, Malam Labbo ya kai yatsa kan wani wasali ja.

"Allahu Akbar. Ga su nan, Sadiƙa. Duk ga su nan."

Bai tashi ba sai azahar. Ya yi salla ya koma. Saboda ƙarancin gani, fuskarsa kusan tana taɓa takardar, farar takardar kuma tana mayar masa da hasken cikin ido. Sadiƙa ta ce ya riƙa hutawa, ya ce ya huta shekara guda, ya isa. Ta ga yadda yake murmushi, abin da ba ta gani ba tun zuwansa, sai ta kasa kashe fitilar.

Bayan kwana kaɗan ya wayi gari yana cewa an zuba masa rairayi a ido. Fatar idon ta kumbura, hawaye na zuba, ko ƙofa aka buɗe sai ya yi ƙara. A kantin magani aka ba su na ɗigawa, aka ce a kai shi wurin likitan ido a Sakkwato. Badaru ya tafi tasha ya dawo da mugun labari. An tare hanya, an kwashe mutanen bas biyu, direbobi sun ajiye makullai.

Suka zauna jira. Masu zuwa dubiya kowa da nasa magani. Wata tsohuwa da suka yi gudun hijira tare ta matsa masa ruwan wani ganye a idon lokacin da Sadiƙa ke madafa, da yardarsa, don zafin ya ishe shi. Washegari idon ya fara ruwa.

Sai da aka samu rakiyar sojoji suka tafi. Likitar ta duba ta daɗe, sannan ta jawo Sadiƙa gefe ta ce gyambo ya cinye baƙin idon. Ƙunar farko ta hasken fitilar da ta warke da kanta, in ji ta, yanar ma aiki ne na ɗan lokaci a cire ta. Yanzu babu abin da ya rage.

A mota Sadiƙa ta riƙe hannunsa tana kuka ba sauti.

"Baba, ni na..."

"Kul," ya ce. "Abin da anka rubuta ba ya kuskure."

Da ya zage ta da ya fi mata sauƙi. Suka iso Isa ana kiran la'asar. Badaru ya kama shi ya fito da shi daga mota, tsohon ya tsaya a bakin tasha yana juya kai, mutane na ratsa su.

"Ina gabas?" ya tambaya.

Sadiƙa ta kama kafaɗunsa ta juya shi.