Katin Gurbin Jan Fayil

Shekara talatin da biyu Baba Makulli ya yi a ɗakin ajiyar takardun sirri na ma'aikatar tsaro, kuma a duk shekarun nan bai taɓa karanta fayil ko ɗaya ba. Kada ka yi dariya, gaskiya ce. Lamba yake dubawa, ya duba hatimi, ya ɗaure igiya, ya ɗora a kan kantar ajiya. Abin da ke ciki, in ji shi, na mutanen hawa na sama ne. Tarin makullan da ke rataye a ƙugunsa ne ya ja masa sunan. Tun daga matakala za ka ji kacau-kacau, sai masu hira a bakin ƙofa kowa ya kama gabansa.

Ɗakin a ƙarƙashin ginin yake, ba taga, sai fanka ɗaya mai kuka, da kantocin ƙarfe har rufi, da wata tsohuwar na'urar kwafi a lungu. Waya ba ta shiga, a wurin maigadi ake barinta. Dokar Baba kuwa guda ce, kuma ya fi ƙarfin a yi masa gardama a kanta: kati kafin fayil. Ba a zare fayil daga kanta sai an cike kati an soka a gurbinsa. Layi huɗu ne a katin: kwanan wata, lambar fayil, wanda ya ɗauka, da wanda ya ba da izini. Idan fayil ya dawo, kati ya faɗa wani gwangwani da ke kan teburinsa. Kuma don kada wani ya yi masa wayo, da hannunsa yake sa wa katunan lamba, ɗaya bayan ɗaya, yadda in guda ya ɓace za a gani.

Mutum ɗaya ce ta iya zama da shi, matar da duk ofis ke kira Auta, don ita aka ɗauka daga ƙarshe. Shekara tara ke nan, yanzu 'ya'yanta biyu, ƙaramin ko yaye shi ba ta yi ba. Ranarta ta farko ta zaro fayil ba kati, Baba ya wanke ta tas har sai da ta shiga banɗaki ta yi kuka. Daga ranar ba ta ƙara ba. Har tsokanarta yake yi cewa ko gishiri za ta ɗauko a kicin, sai ta bar wa mijinta kati. Ita kaɗai yake iya ciro makullai ya miƙa wa in zai hau sama shan shayi, abin da doka ba ta yarda ba, shi ma ya sani. Yana son yarinyar nan kamar shi ya haife ta, ko da yake da ka ce masa haka sai ya yi tsaki.

Saura mako biyar ya yi ritaya aka wayi gari wata takarda ta cika wayoyin mutane. A motar haya ya fara ji. Wanda ke kusa da shi ya turo masa waya har hanci.

“Dattijo, ka ga abin da suka ɓoye mana? Sojoji arba'in da bakwai! Wata huɗu da rasuwarsu a kan iyaka, ana ta ce wa matansu suna bakin aiki inda waya ba ta shiga.”

Idon Baba ya sauka a kan jan hatimin da ke saman takardar, ya kau da kai da sauri.

“An rubuta sirri a kai, malam. Ba na karantawa.”

Motar ta kwashe da dariya. Duk gari sun karanta, ban da shi. Amma a gefen hatimin ya riga ya hango an rubuta kwafi na uku, kuma ya san a kantarsa kwafi na uku yake kwana, cikin wani jan fayil.

Ƙarfe goma Darakta ya kira shi sama, fuska ba annuri. Masu bincike za su zo ƙarfe biyu, a haɗa musu katunan wata uku. Wanda aka samu, in ji Darakta, ba kora ba ce kawai, ɗauri ne na shekaru.

Baba ya sauko, ya juye gwangwani a tebur, ya shiga jera katuna bisa lamba, yana lasar yatsa. Hankalinsa ma ya ɗan kwanta. Wane ɓarawo ne zai saci takarda ya bar sunansa? Za su duba su ga komai tsaf, su je su nemi mutuminsu a wani wuri.

Sai ga shi. Kati na ɗari biyu da sha shida. Kwanan wata, mako uku da suka wuce. Lambar jan fayil ɗin. A layi na uku, rubutun nan mai kwanciya gefe da ya sani kamar tafin hannunsa. Layi na huɗu kuwa fari fat.

Ya ɗago. Auta tana tsaye a tsakanin kantoci da fayil a ƙirji, ta kafe katin da ido. Daga yadda ta zaro ido ya gane ita kanta sai yanzu ta san ta cike shi.

“Rufe ƙofa,” ya ce.

Ta rufe, ta dawo ta durƙusa a gaban teburin.

“Tashi, ba durƙuso na tambaye ki ba. Ke ce?”

“Ni ce, Baba.”

“Da makullaina?”

“Ka hau shan shayi.”

Kai! Ji ya yi kamar an watsa masa ruwan zafi. Bai ɗaga murya ba, amma maganar da ƙyar take fita ta tsakanin haƙora.

“Shekara tara ina ba ki abin da ban taɓa ba wa matata ta riƙe ba. Me na yi miki, Auta?”

“Mijin yayata yana ciki, Baba. Na sha tara a jerin.” Hawaye suka zubo, ba ta share ba. “Ranar da aka kawo fayil ɗin igiyarsa ta kwance, ina gyarawa idona ya faɗa a kan sunan. Wata guda na yi da abin a cikina. Kullum in je gidanta in tarar ta sa waya a caji, ta ajiye kusa da ita ko wanka za ta shiga. 'Yarta tana aika masa saƙon murya, wai ta ci jarrabawa, ya zo mata da keke. Yaya har takalmi ta saya masa. In zauna mu ci abinci tare, tana ce mini, ‘Ke da kike aiki a can, ba ki ji yaushe za a sauya su ba?’ In ce ban ji ba. Wallahi Baba, na kasa. Kwafi ɗaya na yi, don ta yarda, ta daina jira. Ita kuma ta nuna wa wata matar soja maƙwabciyarta, waccan ta ɗauka a waya. Ban san zai kai haka ba.”

“Kuma kika cike kati.”

“Ban ma san na yi ba. Hannuna ne.”

Ya dubi katin. Komai daidai: kwanan wata a inda ya dace, lamba ba kuskure, har ɗan layin da yake sa a ja a ƙarƙashinta ta ja. Macen da ta zo satar sirrin gwamnati, ta tsaya ta bar sunanta a gurbi saboda wani tsoho ya taɓa sa ta kuka. Wata dariya mai ɗaci ta so kama shi.

“Ni zan faɗa musu da bakina,” ta ce. “Ka bar ni dai in kira mijina ya ɗauko yaron daga wurin raino.”

“Zauna ki yi mini shiru.”

Ya yi tunanin yaga katin, ba zan ɓoye maka ba. Har ya kama shi da hannu biyu. To amma wa ya sa lambobin? Daga ɗari biyu da sha biyar a tsallaka zuwa sha bakwai, ko makaho ya gani, kuma daga nan duk wanda ya taɓa taka ɗakin sai an kwashe shi, har mai shara. Tarkon da ya ɗana wa marasa gaskiya, yau shi ya kama masa 'ya.

Ya saka katin a aljihu, ya hau sama, ya nufi wurin maigadi.

“Ɗan nuna mini takardar nan da ake ta magana.”

Maigadi ya saki baki. “Kai, Baba? Yau kuma?”

“Miƙo, ban da surutu.”

Ya gyara tabarau, ya karanta a tsaye a cikin rana. Suna, lamba, shekaru. Ashirin da biyu. Ashirin da huɗu. Ashirin. Bai tsallake ko ɗaya ba, har ya zo na sha tara, ya wuce, ya kai na arba'in da bakwai. Wata biyu mutanen nan suna kwance a kantarsa ta uku daga sama, kullum yana kaɗe musu ƙura. A ƙasan jerin kuma ya ga abin da ya fi muni: yawan waɗanda suka rage a sansanin, da ranar da za a kai musu ɗauki. Wannan kam bai kamata ya fita ba, ko don su. Auta ta yi ɓarna, ɓarna ta gaske, kuma ya san da haka lokacin da yake sauka matakala.

Ya zauna, ya ciro alƙalaminsa na tawada, ya shimfiɗa katin. Auta ta miƙe zumbur.

“Baba, me za ka yi?”

“Layin nan ba a barinsa fari. Sau nawa zan gaya miki?”

“Don Allah kar ka yi! Saura mako biyar, Baba. Mama fa? Me zan ce mata?”

“Matata ta yaye nata tun da daɗewa. Ke fa?” Bai dube ta ba. “Ni na aike ki, kika ɗauko, kika ajiye a teburina, kika koma kan aikinki. Abin da kika sani ke nan. In kika ƙara kalma ɗaya, mu biyu za a ɗaure, kin ga kin yi asarata a banza.”

Ya sa hannu a layi na huɗu, a hankali, da lanƙwasar nan tasa ta ƙarshe. Ya danna takardar shan tawada a kai, ya mayar da katin tsakanin 'yan'uwansa.

Ƙarfe biyu daidai mai bincike ya shigo, mutum siriri mai furfura a gefen kai, da wasu biyu da suka tsaya a ƙofa. Ya gaida Baba da ladabi, ya ja kujera. Bai yi minti goma ba ya zaro katin.

“Wa ya ɗauko?”

“Ita. Ni na sa ta, ga hannuna nan.”

“Wa ya yi kwafi?”

“Ni, ranka ya daɗe. Na ga sunan mijin yayarta, na aika wa matar.”

Mai bincike ya ɗaga katin saitin fitila. Ya daɗe yana kallon layi na uku da ya riga ya dushe, da na huɗu da ke ƙyalli. Ya dubi Auta, wadda ke tsaye a jikin kantoci. Ya dubi takardar shan tawada a gefen tebur.

“Baba, an gaya mini shekara talatin da biyu ba ka taɓa karanta fayil ba.”

“Wannan na karanta.”

“Mutum nawa ne a ciki?”

“Arba'in da bakwai. Ƙaraminsu shekararsa ashirin.” Ya fara jero su, suna bayan suna, har sai da mutumin ya ɗaga hannu a na goma sha ɗaya.

“Ka san akwai masu rai a sansanin nan? Yau da safe sai da aka kwashe su ba shiri saboda takardar nan. Da an makara, da jerin ya ƙaru.”

“Na sani. Wannan laifi ne, ban musa ba. A hukunta mai shi.”

“Ka san abin da sa hannun nan zai ja maka?”

“Ni nake ajiye dokar, yallaɓai. Tana can kan kanta ta biyu.”

Mai bincike ya ɗauki takardar shan tawadar, ya dunƙule ta, ya jefa a kwandon shara kamar mai gyara tebur. Ya saka katin a ambulan.

“Ni da takarda nake aiki,” ya ce. “Mu je, Baba.”

Baba Makulli ya miƙe, ya rufe alƙalami, ya tura kujera ƙarƙashin tebur. Ya kwance makullan daga ƙugunsa, sai ya ji gefen ya yi masa sakayau har ya ɗan karkace. Ya ajiye su a gaban Auta.

“Ki kai wa Darakta, ki sa ya sa hannu ya karɓa. Kuma ki share fuska, yaro na jira.”

Ta buɗe baki. Ya harare ta irin hararar ranar farko, ta rufe.

Ya bi su ya hau matakala. Masu hira a bakin ƙofa ba su watse ba, don ba su ji tahowarsa ba. Sai da ya zo daf da su a tsakanin mutum biyu suka ga ashe shi ne.