Sandar Kawu Iliyasu

Ikrima ya dawo gida garinsu Sara daga makarantarsu ta Birnin Kudu da littafin ƙididdigar kasuwanci mai kaurin bulo, da kwamfutar aro, da aikin da malami ya ɗora musu. Kowa zai nemi manoma talatin, ya ji dami nawa na gero suka samu bana, ya zuba a manhajar Excel, ya fitar da matsakaici da zane. Wannan darasin ne ya kayar da shi bara. In ya sake faɗuwa, shi da makaranta sai dai labari.

A littafi abin ba wuya: ka tambayi manomi, ka rubuta amsarsa. Wanda ya rubuta haka wallahi bai taɓa taka Sara ba.

"Baba, dami nawa muka samu bana?"

"Alhamdulillahi," in ji mahaifinsa, Malam Dogara.

"Na sani, amma nawa?"

"An samu na ci."

Haka ya yi ta sha zaure bayan zaure. Ita kuwa manhaja ba ruwanta da godiyar Allah, lamba take so. Ran Ikrima ya ɓaci matuƙa. Mutanen da suka san awakin maƙwabci ɗaya bayan ɗaya, an tambaye su nasu geron, duk sun zama waliyyai!

Mutum ɗaya ne ya tausaya masa, Kawu Iliyasu, yayan mahaifiyarsa, dattijo mai fara'a da ba a raba shi da farar riga wankakkiya. Ya ja shi bayan rumbu ya rage murya.

"Tara ne, ɗana. Ƙuduji ya cinye gonar. Ko 'ya'yana ban gaya wa ba, don karatunka na faɗa. Kada ya wuce nan."

Ikrima ya rantse ba zai wuce ba. Na sauran kuwa da ƙarfin hali ya samo, yana tsaye a bakin hanya yana ƙirga abin da amalanke ke kaiwa kowane gida. Ya bi littafi shafi-shafi har zane ya fito, kowane manomi da sandarsa, mai yawa doguwa, mai kaɗan gajeriya. Ya kuma koyi yadda ake sa mafi gajarta ta fito ja. Akwai wurin da littafin ya ce a sa lamba a maimakon sunan mutum, amma gogan naka ya tsallake, wai ɓata lokaci ne.

Ranar nan bayan la'asar ya zo wucewa ta majalisar gindin dalbejiya, sai Ɗan'auta mai shayi ya ɗaga murya: "Ku ɓoye geronku, ga Malam Dami-nawa!"

Aka kwashe da dariya. Har Malam Dogara sai da ya murmusa, kuma wannan murmushin ne ya ƙona wa Ikrima rai. Ya juyo a fusace, ya buɗe kwamfutar a tsakiyar tabarma.

"Kun ɗauka kun ɓoye ne? To ga ku nan kaf! Ku duba ku gani ko lamba tana cizo!"

Kawuna suka haɗu a kan allon. Kowa ya nemi sunansa tukuna, daga nan ido ya zame ya sauka a kan 'yar jar sandar da ke can gefe, guntuwa kamar kututture. Ɗan'auta ya karanta a fili kafin hankalinsa ya tsayar da bakinsa.

"Iliyasu… tara?"

Kawu Iliyasu yana zaune a nan cikin farar rigarsa. Bai dubi Ikrima ba. Ya laluba takalminsa, ya yi sallama, ya tafi.

Malam Dogara ya sa hannu ya rufe kwamfutar. Ya juyo ga Ikrima cikin fushi.

"Alhamdulillahin da ta tsone maka ido, riga ce muke sawa dukanmu, da mai ɗari da mai tara, don kada a gane wane ne wane. Yau ka tuɓe wa kawunka ita a bainar jama'a."

"Ai ba ƙarya na yi ba, Baba!"

"Da ma ƙaryar ka yi."

Washegari kwanonin gero suka fara shiga gidan Kawu ido na ganin ido, ana haɗawa da sannu kamar gidan makoki. Duk ya mayar wa masu su. Ya daina zuwa majalisa, a masallaci ma sahun baya yake tsayawa. Ikrima ya koma Birnin Kudu yana ta cika yana batsewa, wai mutanen ƙauye ba sa son gaskiya. Aikinsa ya fi na kowa maki, har malami ya nuna wa aji zanen.

Da aka ba su hutu ya sauka a tashar Sara da sakamakon a aljihu. Nan ya hangi Kawu Iliyasu da ƙunshin kaya yana jiran motar Kano. Mutumin da bai taɓa fita ci-rani ba ko da ƙuruciya, yau ga shi da furfura zai tafi inda ba wanda ya san shi. Ikrima ya durƙusa ya gaishe shi, kunya kamar ya nutse.

"An dawo?" in ji Kawu. "Yaya aikin namu? Maki nawa ka ci?"

Lambar tana kan harshen Ikrima. Ya haɗiye ta da ƙyar.

"Alhamdulillahi, Kawu."

Dattijon ya dube shi, karo na farko tun ranar majalisa.

"Ashe ka iya," ya ce, ya ɗauki ƙunshinsa ya shiga mota.